Itatuwan Baba a Kan Jingar Dam

Dutsen Faru,
Ta hanyar Roni.
21 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Yayana Na'Allah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Uwa da yara duka. Yaya zafin Babura, yaya kasuwar hatsi? Ƙafar nan taka ta daina kumburi? Mu nan jiki lafiya lau, alhamdu lillahi. Zuciyata ce ba lafiya.

Na san za ka ce me ya hana ni bugo waya. Sanin halinka ne ya hana. In magana ta yi maka zafi sai ka kashe, gobe ka ce sabis ne ya ɗauke, ni kuwa yau so nake ka ji ta har ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba Muhammadu Lawal direba ya kai maka har rumfa.

Yaya, an sare itatuwan Baba. Darbejiyar nan goma sha huɗu da ya dasa a kan jingar dam, tara suna kwance a ƙasa. Ba baƙo ba ne ya yi, ba kuma gwamnati ce ta turo mota ba. Mijina ne, mai kula da dam ɗin. Shekara ashirin da shida da aurenmu ban taɓa kama sunansa ba, ko a baki ko a takarda, kamar yadda Inna ta hore mu. Yau sai na kama: Halliru ne ya sare su. Allah ya yafe mini, na rubuta kuma ba zan goge ba.

Ranar Alhamis na tafi suna Gwiwa, na kwana biyu. Jiya muna dawowa a kan babur, muna karyo kwanar duwatsu, sai na hango dam tsirara kamar kan yaron da aka yi wa ƙwal-kwabo. Na ce wa mai babur ya tsaya, na sauka ban san na sauka ba. Ɗacin ganye ya cika wurin, ga kututture tara a jere, ga mata har sun fara jan rassa za su yi itacen girki. Wata ma ta gaishe ni da ɗauri a ka, ko kunya.

Kai ka fi ni sanin abin da Baba ya sha a kan itatuwan nan. Shekarar da ya bar aikin gandun daji, dam ɗin bai daɗe da ginawa ba, ya riƙa hawa jingar nan da jarka biyu safe da yamma, da tsufansa. Ya kewaye kowane dashe da ƙaya. Ka tuna dukan da ka sha ranar da ka bar akuya ta cinye na uku, kuma ya sake tofowa ya fi sauran girma. Baba bai bar mana gida a birni ba, bai bar garke ba. Abin da ya ce ya aika gaba shi ne wannan inuwa, sadaka mai gudana. Fulani in sun kawo shanu shan ruwa a nan suke hutawa, masu wanki a nan, masu sayar da kifi a nan, kuma kowa ya zauna sai ya ce Allah ya jiƙan Malam Ashiru. Wannan addu'ar aka sa wa gatari, shekara shida kacal da rasuwarsa.

Ga hujjar da ya ba ni, ka ji ka yi dariya ko ka yi kuka. Wai a watan Oktoba wata injiniya mai suna Shahida ta zo duba dam. Ta ce jingar ƙasa ce aka dandaƙe, ba a barin itace a kanta. Wai saiwa tana huda jinga ta bi ruwa, gara da gafiya su bi saiwa, in kuma iska ta tumɓuke itacen ya tafi da ƙasar da yake riƙe da ita. Wai sai an sare, an tono saiwoyin, an cike ramukan da yumɓu kafin damina. Tun muna yara rediyo ke ce mana mu dasa itace ya riƙe ƙasa, yau kuma yarinyar da aka haifa jiya ta sa hular kwano ta ce itace ne abokin gabar ƙasa. Shekara talatin dam na tsaye da itatuwan nan, ko tsagewa bai yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba saran ba ne. Wata shida mutumin nan ya san da maganar, yana cin tuwona, yana sa mini albarka, bai ce uffan ba. Sai da ya ga na ba da baya sannan ya kirawo mai injin yankan katako. Da na tsare shi, cewa ya yi bai san ta inda zai fara gaya mini ba. Amma ya san ta inda zai fara sara.

Yaya, kai ne babba, kai ne a madadin Baba. Saura biyar, kuma ya ce mako mai zuwa zai ƙarasa. Ka zo ka tsayar da shi. Ni dai na daina yi masa magana ban da gaisuwa, abinci kuwa ina ajiye masa, amma man shanu ya ga na ƙarshe.

Ka gaida Yaya Uwa da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Tasalla.

Dutsen Faru,
12 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga Yaya Na'Allah,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma gida lafiya, ka iske iyali lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya ƙafa? Mun ga buhun gero, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Na yi kwana goma sha biyar ina juya wannan takarda a raina kafin na rubuta. Na gode da ka zo, kuma itatuwa biyar suna tsaye saboda kai. Amma Yaya, cewa na yi ka tsayar da shi, ban ce ka tuɓe shi a bainar jama'a ba. Da ka shigo gida kun zauna a zaure ku biyu, da magana ta ƙare. Sai ka zaɓi ƙofar Dagaci, bayan an sauko daga Juma'a, lokacin da gari duka ke wurin. Ban je ba, amma kafin la'asar mata uku sun kawo mini labari, kowace tana ƙara gishiri. Sun ce ka tuna masa cewa Baba ya ba shi 'ya lokacin da ba shi da komai sai keke mai taya ɗaya mai kyau, aka yi ta dariya, shi kuwa yana kallon ƙasa. Wannan 'yar da aka bayar ni ce, kuma ban aike ka da wannan ba.

Ka tafi da yamma ka bar mu da abin da ka dafa, bari in gaya maka yadda ya nuna. Dagaci ya yanke cewa ba a ƙara sara, ba a kuma taɓa kututturen da suka rage, don kai ka ce ko saiwa ɗaya ba za a tona ba. Malam maigidana ya ce barin su haka ya fi komai haɗari, domin saiwar itacen da aka sare ruɓewa take yi ta bar kafa a cikin jinga. Ya ce in haka ne, bana ba zai bari ruwa ya wuce rawayan layi a sandar awo ba, zai riƙa buɗe ƙofa yana rage shi tun kafin ya kai jan layi. Kana tsaye Jalaluddeen Sarkin Noma ya yi tsalle ya ce ramuwa ce, wai Malam zai zubar da ruwan gari don an hana shi saran itace. Na san tsoronsu, ba na raina shi. In dam bai cika ba, kafin Fabrairu ruwa ya ja baya, tumatir da albasa su ƙone, shanu su koma shan laka. Amma a ce ramuwa? Mutumin da ko kaza ta shiga gonarsa sai ya kore ta da sallama?

Sai Dagaci ya karɓe mabuɗin ɗakin ƙofar ruwa, ya sa nasa kwaɗon, kai kuma ka ce kada a mayar sai da izininka. Shekara ashirin da biyu mabuɗin nan yana ɗaure a mazagin wandon Malam. Ranar da ya dawo ba shi, na ga yana ta shafa ƙugu kamar mai neman wani abu, sai na kau da kai.

Har yanzu kullum yana zuwa safe da yamma. Ya karanta sandar awo, ya rubuta a littafinsa, ya zagaya jinga, sannan ya je ya tsaya a tagar ɗakin nan yana leƙe. Ban san me yake kallo ba. An ce ya roƙi Dagaci ya ba shi mabuɗi na sa'a ɗaya ya fito da wani abu, Dagaci ya ce sai ya faɗi ko mene ne, shi kuwa ya yi gum ya juyo. Halinsa ke nan da ke kashe ni. Ya rubuta wa ofishinsu sau biyu, har yau ba mu ga kowa ba.

Kada ka ɗauka na huce. Duk sanda na wuce kututturen nan sai na ji kamar yau aka sare, kuma har gobe ban yarda itace yana rushe dam ba. Ina fushi da shi, yanzu kuma ga ka ka ƙaru, ga Dagaci, ga Jalaluddeen. Fushin ya yi mini yawa har na rasa wanda zan fara da shi.

'Yarka Bahijja, ta wajena, tana gaishe ka. Cikinta ya tsufa, muna sa rai a watan Yuli. Tunda haihuwa ta biyu ce ba za ta zo gida ba, a ɗakinta za ta zauna a Kwarin Faru. Ka san gidan, shi ne na farko in ka gangaro daga dam. Ka sa ta a addu'a.

Gaisuwa ga Yaya Uwa. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Tasalla.

Dutsen Faru,
28 ga Yuli, 2024.

Yaya Na'Allah,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, yaya damina, yaya yabanya a wajenku? An gaya mini ƙafa ce ta hana ka zuwa suna, Allah ya sawwaƙe. Turmin atamfa ya iso, Bahijja ta gode. Yaron ya ci sunan Baba, muna kiransa Abba, kuma goshin nan na gidanmu ya kwaso shi duka.

Yanzu ka gyara zama. Kullum da safe ina gangarawa Kwarin Faru in yi wa Bahijja wankan jego, kuma ta gindin jinga nake yankewa don ta fi kusa. Ranar Laraba, kwana uku ba a yi ruwa ba, ƙasa ta bushe ko'ina, sai ƙafata ta nutse har idon sawu. Da ƙyar na zaro takalmina. Na duba sai ga ruwa yana ɓulɓulowa daga jikin jinga, ɗan kaɗan, faɗin tafin hannu. Na ɗaga kai, daidai saitin kututture na huɗu.

Na koma gida da takalmi ɗaya a hannu na gaya wa Malam. Ita ce magana ta farko da na yi masa tun Afrilu wadda ba gaisuwa ba. Bai ce ai na faɗa ba, da ma ya ce, da na samu abin yi wa faɗa. Ya ɗauki kofin gilashin shayinsa ya ce in biyo shi. Ya tari ruwan, ya ajiye a kan dutse, muka tsaya muna kallo kamar marasa aikin yi. Kafin a jima laka ta kwanta a gindin kofi, kaurin yatsa biyu. Ya ce kowane dam yana gumi, in ruwan garau yake ba komai. In ya fito da launin koko, to jikin jingar ne yake ɗebowa yana fitarwa, kuma kafar da ta kai yatsa yau gobe ta kai hannu. Ya ce ya ga wurin tun mako biyu da suka wuce, ya gaya wa Dagaci, aka ce yana neman hanyar karɓar mabuɗi ne.

Yaya, ni malamar makaranta ce shekara goma sha tara, ba a yi mini wayo da kofi. Na koma ni kaɗai ranar Alhamis da kofina, na koma ranar Juma'a. Kullum lakar ƙaruwa take. Na tsaya a wurin na juya baya ga jinga, abin da na gani shi ne rufin ɗakin Bahijja, da zanen jariri a kan igiya, da gidaje wajen sittin a bayansa, da maƙabarta inda Baba yake kwance a layin farko. Duk suna ƙasa da ruwan da ke bayana, kuma ruwan ya wuce rawayan layi tun ranar Talata.

Malam yana ta jido yashi da tsakuwa a kwanon gini yana zubawa a wurin, shi kaɗai, da furfurarsa. Mutanen Jalaluddeen in sun wuce sai su ce sannu da aikin gayya. Su murna suke dam yana cika, har sun fara rabon fili na rani.

Na sa mayafi na je wurin Dagaci da kaina da kofi a hannu. Ya karɓe ni da mutunci, ya duba kofin ta sama ta ƙasa, sannan ya ce magana ta gidan Malam Ashiru ce, ɗansa namiji ya ɗaure, shi ne zai kwance. Ka ji inda aka kai mu. Ruwan da zai ci gari ya zama maganar gado.

Na bugo maka sau uku. Na farko ka ce miji ya juya mini kai. Na biyu ka ce ni na kira ka da kuka, yanzu kuma in mayar da kai ƙaramin mutum a gaban Dagaci. Na uku sabis ya ɗauke, yadda ya saba. E, ni na kira ka, ban musa ba, kuma wannan ne yake hana ni cin abinci. Na yi kuskure a kan itace, na faɗa da bakina, ga shi na rubuta da hannuna. Kai me zai rage maka in ka faɗa? Girman da kake tsoron ya zube, a wace kasuwa za ka sayar da shi in jinga ta ɓalle a kan mai sunan Baba?

Ba na neman ka zo, ba na neman ka ba kowa haƙuri. Waya ɗaya za ka buga wa Dagaci ka ce a mayar da mabuɗi. In kana jin nauyi, ka ce ni na matsa maka, kowa ya san bakina. Na roƙi Bahijja ta dawo gida, surukarta ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, don haka tana nan inda take.

Ina jiran amsa ta hannun Muhammadu Lawal. Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka da ba ta taɓa roƙonka irin wannan ba,
Tasalla.

Dutsen Faru,
18 ga Agusta, 2024.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya da iyali. Mu duka muna raye, Bahijja da Abba da kowa, kuma na fara da wannan ne don na san labari ya riga takardata isa Babura. Ka bugo jiya sau bakwai. Ina gani, ban ɗauka ba. Ka ɗauka sabis ne.

Mako biyu Muhammadu Lawal yana dawowa hannu wofi, har ya fara kauce wa ƙofar gidanmu don kunya. Ranar Litinin ruwa ya rage taƙi ɗaya ya taɓa jan layi, ɓulɓular nan kuma ta zama biyu. Na ce wa Malam ya fasa kwaɗon. Ya ce ya yi wa Dagaci alkawari a gaban jama'a ba zai taɓa shi ba. Sai ya bi gida gida a Kwarin Faru yana roƙon mutane su koma makarantar tudu. Gida huɗu suka tashi, sauran suka ce ya cika baƙin baki.

Ni ban yi wa kowa alkawari ba. Ranar Talata da hantsi na ɗauki taɓaryata na hau jinga, masu wanki suna kallo, masu kifi suna kallo. Bugu huɗu na yi wa maƙalar kwaɗon ta fita da ƙusoshinta. In an gaya maka 'yar Malam Ashiru ta fasa kwaɗon Dagaci da rana tsaka, ba ƙarya aka yi mata ba, kuma ko gobe aka sake sawa zan sake fasawa.

Abin da na tarar a ciki shi ne ban shirya masa ba. A gindin taga, inda rana ke shigowa, ga ledoji goma sha huɗu a jere cike da ƙasa, kowace da busasshen tsinke a tsaye. Malam ya iso yana haki, ya gan ni a kansu, sai a lokacin bakinsa ya buɗe. Ashe tun Oktoba, washegarin zuwan injiniya, ya bi gindin itatuwan Baba ɗaya bayan ɗaya ya ciro 'ya'yan da suka tsiro, kowace uwa da ɗanta. Ya ɓoye su a nan saboda awaki, yana ba su ruwa wata shida. Nufinsa in damina ta sauka ya dasa su a bakin maƙabarta, sannan ya kai ni ya nuna mini, ko zafin ya ragu. Su ne yake leƙe ta taga. Su ne ya roƙi sa'a ɗaya ya fitar, kuma ya ƙi faɗa a gaban Dagaci don kada a ce yana sayen afuwa. Yana kallo suka bushe cikin zafin Mayu. Ni da kai muka kashe su, Yaya, ni da takarda, kai da kwaɗo.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Na kuma yi masa faɗa ina kukan, domin da ya buɗe baki tun farko da duk ba a kai nan ba. Shi kuwa ya tsallake ni ya kama ƙarfen ƙofa ya fara murɗawa.

Kwana uku ruwa yana fita. Ya bi rafi ya hau gonakin bakin gaɓa, ya kwantar da masarar Jalaluddeen da ta wasu mutum biyar, kuma wannan asara ce ta gaske, ban ce ba ita ba ce. Mun sha zagi. An ce na zubar da mutuncin gidanmu, an ce Malam ya fake da zanen mace. Dagaci ya aiko in zo ranar Asabar in amsa laifina. Ranar Juma'a da azahar ruwa ya sauka ƙasa da rawayan layi, ɓulɓular nan ta koma ɗigo.

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas da iskar da ban taɓa gani ba. Ina ɗakin Bahijja, Abba yana hannuna. Muka ji ƙara kamar an kayar da katanga, na leƙa ta ƙofa cikin ruwan nan sai na ga sama a buɗe inda babbar darbejiya take. Ta uku, Yaya. Taka, wadda akuya ta ci. Ta faɗi da saiwarta duka, ta ɓanɓare kan jinga ta bar ramin da bijimin sa zai kwanta a ciki a rasa shi. Na rungume yaron nan na tsaya ina jiran ruwa ya biyo.

Bai biyo ba. An yi sa'a biyu ana zuba ruwa, dam ya yi ta hawa, ya tsaya saura taƙi biyu ya kai bakin ramin. Maza suka fito da buhuna suna cikawa da ƙasa har magariba, har da masu cewa sannu da aikin gayya. Da aka natsa Malam ya nuna wa Dagaci shatin da ruwa ya bari ranar Talata. Ya fi bakin ramin tsawo da kamu guda. Kowa ya iya wannan lissafin.

Jiya injiniya Shahida ta iso da motar yumɓu da ma'aikata. Na gaishe ta har ƙasa, ita ba ta san dalili ba. Dagaci bai ƙara maganar laifina ba, ya aiko da mabuɗin a hannun ɗan aike, mabuɗin kwaɗon da babu shi. Jalaluddeen kuwa yana bakin kasuwa yana cewa shi da ma tun farko hankalinsa bai kwanta da itatuwan nan ba. Har yanzu ban ji mutum ɗaya ya ce Malam ka yi haƙuri ba, kuma wannan ya fi zagin ƙona mini rai.

Saura huɗu. Za a sare su ranar Asabar, a tono saiwoyi duka in ruwa ya ja. Malam ya ce wannan karon ba zai ɗaga gatari ba sai 'ya'yan Malam Ashiru sun ce a ɗaga. Ni na ce. Baba inuwa ya nufa, bai dasa itace don ya tone kabarinsa ya tafi da tattaɓa-kunnensa ba, kuma da yana raye da shi zai fara sara. Yau da safe na bi gindin huɗun nan na ciro 'ya'ya goma sha huɗu, suna nan a bayan ɗakina na rufe da kwando.

Ka zo ranar Asabar. Ka zo da fartanya mu dasa su a bakin maƙabarta, ka kuma zo da bakin nan da ka yi magana da shi a ƙofar Dagaci, domin a wurin ka ɓata, a wurin za ka gyara. In ba ka zo ba zan dasa ni kaɗai, in sa saran farko da hannuna, kuma ba zan ce ka hana ba, zan ce ƙafa ce.

Abu ɗaya na ƙarshe. Na san kana ajiye takardu a akwatin awo. Ka nemo wasiƙata ta farko, akwai sunan da na kama a cikinta. Ka sa biro ka soke shi sosai yadda ba zai karantu ba. Man shanu na mayar masa tun ranar Talata, soke sunan nan ne kaɗai hannuna ba ya kaiwa.

Ka gaida Yaya Uwa da yara. Allah ya jiƙan Baba da Inna, ya sa mu cika da imani.

Ƙanwarka,
Tasalla, matar Malam.